Guzurin Tsufa: Nawa Zai Riƙe Mazaunin Agege Ranar da Ƙarfi Ya Ƙare?

Jama'a masu sauraro, musamman 'yan'uwa mazauna Agege, daga Zango zuwa Abbatuwa, da na Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, wannan magana taku ce.

Sharhinmu na yau a kan tambaya ɗaya ce, wadda yawancinmu muke kauce mata. Nawa ne zai riƙe mutum, shi da iyalinsa, daga ranar da jiki ya daina ɗaukar aiki har zuwa ranar da Allah ya karɓi abinsa?

Ma'aikacin gwamnati ya san ranarsa tun da wuri: shekara 60 da haihuwa, ko 35 a bakin aiki. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta ce a riƙa cire kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusu mai sunansa. Ko ya ishe shi ko bai ishe shi ba, akwai dai abin da ake tara masa. To, mahauci fa? Dillalin shanu, da mai goro, da ɗan canji, da mai shayi, da ɗan dako, da mai gadi, da baiwar Allah mai tuwo-tuwo a bakin tasha? Waɗannan babu mai rubuta musu takardar ajiye aiki. Gwiwa ce ke sallamar su, ko ido, ko hawan jini. Wani lokaci ma hukuma ce. 'Yan acaba sun gani a 2020, suka sake gani a watan Yunin 2022, lokacin da gwamnatin Legas ta hana sana'ar a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi. 'Yan gwari sun gani a watan Maris na 2016, da aka rufe kasuwar Mile 12 bayan rikici. Mutum ya kwana da sana'a ya tashi babu ita.

Ku bi layukan masu kuɗi a Ikeja da yamma. Za ku tarar da dattijo, gemu fari fat, a bakin get, yana zaune a kan benci. A gabansa ɗan tebur ne da alawa da ashana da maganin sauro, rediyo a gefe, buta a ƙarƙashi. Mota ta yi ham, ya miƙe da ƙyar ya ja ƙarfen da ya fi ƙarfinsa. Wannan bawan Allah bai yi lalaci ba a rayuwarsa. Ya aurar da ƙanne, ya ciyar da iyaye, ya aika kuɗin taki kowace damina. Abin da bai samu ya yi ba shi ne ya zauna rana ɗaya ya lissafa nasa tsufan.

Iyayenmu da suka kafa zangon Agege fiye da shekara 100 da suka wuce, lokacin da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko, wato Legas, da Kano kuma huhunan goro suka fara hawa Arewa, suna da nasu tsarin. Yaro ya tashi a hannun maigida, ya koyi ciniki, a sallame shi da jari. In ya yi ƙarfi ya sayi fili ya gina gida mai ɗakuna, fatake su riƙa sauka a wurinsa, yana shiga tsakani yana karɓar la'ada. Da ya tsufa, yaransa ke zirga-zirga, shi yana zaure, gidan da sunan suna ciyar da shi. Wannan tsari bai mutu ba, amma ya yi rauni. Yau mai shanu a Potiskum ko Maigatari yana iya gama ciniki ta waya, kuɗi su shiga asusunsa tun tirela ba ta iso Legas ba. Fili kuma a Agege ya fi ƙarfin ƙaramin mai sana'a. Saboda haka dole kowa ya ɗauki biro.

Kafin a rubuta lamba ko ɗaya, sai an amsa wata tambayar: a ina za ka tsufa? Kusan kowa cewa yake, ai gida zan koma. To, wane gida? Akwai ɗakin da za ka shiga, ko kuwa ɗakin gado ne da ku goma kuke da haƙƙi a ciki? Gonar da kake ambato, ana iya zuwa a nome ta? Mutanen Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato sun san dalilin wannan tambaya, domin akwai gonakin da 'yan bindiga suka raba da masu su shekara da shekaru. Sannan 'ya'yan da aka haifa a Agege, waɗanda Yarabanci ya zauna a bakinsu kamar Hausa, za su bi ka? Uwarsu fa? In kuwa amsar ita ce a Legas za ka zauna, to haya ta shiga lissafi, ta shekara guda cur a dunƙule, kuma mai gida ba ya rage wa tsoho. A ganina, duk wanda ya kai shekara 60 yana biyan haya, a Kudu ko a Arewa, ya shiga tsufa da babban rauni. Ɗaki biyu da banɗaki naka na kanka, ko na laka ne, shi ne abu na farko a jerin.

Sai shekaru. Ajali na hannun Allah, babu mai gardama. Amma akwai kuskuren da ake yi idan an ji cewa matsakaicin tsawon rai a Najeriya shekara 50 ne da 'yan kai. Yawan mutuwar jarirai da ƙananan yara ne ke jawo wannan lamba ƙasa. Wanda ya riga ya kai 60, sau da yawa yana wuce 70, wasu har 80. Don haka a yi lissafin shekara 20. In Allah ya ɗauke ka kafin nan, abin da ya rage na magada ne, ba a yi asara ba.

Yanzu mu zo kan kuɗin, kuma a nan nake roƙon ku kasa kunne da kyau. Kada ka fara da cewa, in na tara miliyan kaza na huta. Naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. A 2014 buhun shinkafa mai kilo 50 yana wajen naira 10,000. A 2024 ya haura 80,000. Dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma a farkon 2023; bayan an cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu aka kuma saki naira a watan Yuni, ta wuce 1,500 a 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a 2024, kuma kowa ya san 70,000 ɗin ba ta sayen abin da 18,000 ta saya a zamaninta. Dattijon da ya ajiye miliyan 2 a 2014 yana ganin ya gama shiri, buhu 200 na shinkafa ya ajiye. Bayan shekara 10 kuɗin nan ko buhu 25 ba za su saya ba, alhali ko kwabo bai taɓa ba.

Akwai wata dabara mai sauƙi ta masu lissafi. Ka raba 72 da yawan hauhawar farashi na shekara, abin da ya fito shi ne shekarun da farashi zai ninka. In hauhawar kashi 24 ce, shekara 3 ke nan. In ta sauka zuwa 15, kusan shekara 5. Ko da wannan mai sauƙin muka ɗauka, cikin shekara 15 farashi ya ninka sau uku a jere: abin naira 1,000 ya zama na 2,000, ya zama na 4,000, ya zama na 8,000. A Amurka wani mai ba da shawara kan kuɗi, William Bengen, ya fitar da ƙa'ida a 1994 cewa wanda yake cire kashi 4 cikin 100 na ajiyarsa a shekara, kuɗin za su kai shi shekara 30. Wato ya tara ninki 25 na abin da yake kashewa a shekara. Da tarihin kasuwannin ƙasarsu ya yi wannan lissafi. Wanda ya kwafo shi ya ɗora a kan takardun naira da ke cikin akwati zai sha wuya.

Mu namu lissafin da kaya za mu fara shi, sannan mu mayar da shi kuɗi da farashin yau. Ga misali, kuma lambobin nawa ne na kwatance, kowa ya cire su ya sa nasa. Mahauci ne a Abbatuwa, shekararsa 45, yana so ya ajiye wuƙa a 60 ya koma garinsu. Gidansa zai ci tiya ɗaya ta hatsi a rana. Buhu yana ɗaukar wajen tiya 40, ke nan buhu 9 a shekara, mu ce 10 saboda baƙo da maƙwabci. In buhu 50,000 ne, naira 500,000 ke nan. Cefane, mai da gishiri da kayan miya da ɗan nama, 3,000 a rana, wajen 1,100,000 a shekara. Maganin hawan jini da na suga da ganin likita, nasa da na uwargida, 20,000 a wata, 240,000 a shekara. Wuta da ruwa da itace ko gas da katin waya, wata 240,000. Sai hidimar da ba ta ƙarewa a gidan Bahaushe: suna, biki, gaisuwar mutuwa, ɗinkin sallah, ragon layya, mu ce 320,000. Jimla 2,400,000 a shekara, wato 200,000 a wata. A shekara 20, miliyan 48 ke nan da kuɗin yau.

Na san wani ya riga ya ce innalillahi, ya miƙa hannu zai kashe rediyo. Dakata, Malam, ba a gama ba. Ba duka za ka tara a dunƙule ba. Sai a cire abin da zai riƙa shigowa da kansa. In yana da gonar da za ta ba shi buhu 10 bayan an fitar da kuɗin taki da na ƙwadago, 500,000 ta fita. In ya gina shago biyu a bakin hanya, kowanne 300,000 a shekara, 600,000 ta fita. In zai iya ƙaramin aiki na zaune, tsaron shago ko dillanci ranar kasuwa, yana samun 25,000 a wata, 300,000 ta fita. Saura 1,000,000 a shekara. Wannan shi ne giɓin, shi ne ainihin lambar da ake nema. A shekara 20, miliyan 20.

Shekara 15 suka rage masa. Miliyan 20 a raba su a kan kwanakin shekara 15, kusan naira 3,700 ke nan a kullum. Da tun yana shekara 30 ya fara, kusan 1,800 ce. In ya bari sai ya kai 55, wajen 11,000 ce a kullum, a lokacin da ƙarfin ya riga ya fara ja baya. Da sharaɗi biyu kuma: duk lokacin da kaya suka tashi ya ƙara abin da yake ajiyewa, sannan ya zuba shi a abin da farashinsa ke tashi tare da kasuwa. Gonar da shagunan ma, in bai mallake su ba tukuna, neman su na cikin aikin waɗannan shekaru.

Akwai abin da ban sa a misalin ba da gangan, domin ya cancanci a tsaya a kansa. 'Ya'ya. Lissafin Bature yana ɗauka cewa mai shekara 60 ya gama renon yara. Mu kuwa, mutum yana shekara 52 ana yi masa barka da haihuwa. Wannan jariri yana shekara 8 uban zai ajiye aiki, kuma sai uban ya kai 70 kafin yaron ya gama sakandare. In mace ce, ga kayan ɗaki na jira: gado, katifa, kujeru, kwanuka, gara. Ka ɗauki takarda ka rubuta sunan kowane ɗa, a gabansa ka rubuta shekarunsa ranar da za ka cika 60. Duk wanda bai kai 20 ba a wannan rana, nauyinsa yana cikin guzurinka. Wanda ke tunanin ƙara aure yana shekara 50, halal ne, babu mai hana shi, amma ya yi wannan lissafi kafin ya aika da goro.

Wasu kuma cewa suke, ai 'ya'yan su ne fanshona. Haƙƙin iyaye a kan 'ya'ya gaskiya ne, kuma ɗa na gari ba ya barin mahaifinsa da yunwa. Amma dubi halin da matasan suke ciki. Wanda ya gama jami'a yana tuƙa Keke, yana biyan haya, yana da nasa ƙananan. Abin da zai aiko, ka karɓa ka sa masa albarka, ka ɗauke shi a matsayin ƙari. Kada ka gina cefanen kullum a kansa, domin ranar da ya gaza, kai za ka kwana da yunwa, shi kuma ya kwana da baƙin ciki.

Sannan uwargida. Sau da yawa ta fi mijin ƙuruciya da shekara 10 ko 15, kuma ita ce za ta daɗe bayansa. In ya rasu ya bar 'ya'ya, rabonta tumunin takaba ne, kashi ɗaya cikin takwas, in su biyu ne ko uku su raba shi a tsakaninsu. Wannan hukuncin Allah ne, mun karɓa. Amma shari'a ba ta hana miji ya yi wa matarsa kyauta yana da rai da lafiya ba, ya ba ta jari, ko ɗaki, ko 'yan awaki, ya damƙa mata a gaban shaidu. Ku kuma iyayenmu mata masu sana'a, masu koko da ƙosai, masu fura, masu kitso, masu sayar da atamfa gida-gida, wannan lissafi naku ne kai tsaye. Kuɗin adashi kada duka su tafi ga anko da gudummawar biki. Ki ware kwasa ɗaya a shekara wadda sunanta na tsufanki.

To, a ina za a zuba? Mai karɓar ajo da ke zagayawa da kati mai gidaje 31, yana sa alama kullum, ƙarshen wata ya riƙe zubin rana ɗaya ladansa ya miƙo sauran, yana da amfani, domin yana raba mutum da kuɗin kafin ya kashe su. Amma nan zango ne, ba masauki ba. Da an kwasa, a juya su. Fili mai takarda, gona, shago, tumaki da shanu a hannun amintacce, zinari ga mata, hatsi da kaka: duk waɗannan suna bin farashi. Kowanne kuma da haɗarinsa. Dabba tana mutuwa ko a sace ta, kasuwa tana gobara, fili ana sayar wa mutum biyu. Shi ya sa ba a tara su wuri guda. Jarin da kake juyawa kuma kada ka ƙirga shi cikin ajiya. Kwandunan tumatir da suka kwana uku a hanya motar ta lalace sun isa su nuna dalili.

Akwai kuma hanyoyin hukuma da mutanenmu ba su cika leƙawa ba. A watan Maris na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da tsarin fansho na masu sana'ar hannu da ƙananan 'yan kasuwa, ƙarƙashin hukumar PenCom. Mutum ya buɗe asusu a kamfanin fansho mai lasisi, ya riƙa zuba abin da ya samu, kullum ko mako-mako ko wata-wata. Yadda aka fara shi, kashi 40 yana iya cira in buƙata ta taso, kashi 60 kuma sai ya kai shekara 50 ko rashin lafiya ta kwantar da shi. Masu gudun kuɗin ruwa, kuma suna da gaskiya, tun 2021 hukumar ta buɗe asusu na shida, wanda ake juya kuɗinsa ta hanyoyin da ba ruwa a ciki. Gwamnatin tarayya tana sayar da sukuk tun 2017, wanda ake gina hanyoyi da kuɗinsa. Ga bankunan Jaiz da TAJ da Lotus. Gaskiyar magana, a shekarun da hauhawar farashi ta haura kashi 30, ribar waɗannan ba ta kamo ta ba. Duk da haka ina ganin ya dace wani kaso ya zauna a can, saboda abu ɗaya: hannu ba ya kai musu da sauƙi. Ɗan'uwa ba zai zo da daddare ya ce ka ranta masa su ba.

Wanda kuwa ya ce ka kawo miliyan ɗaya ya mayar maka da biyu cikin wata guda, ka tashi ka bar wurin. MMM ta rufta da mutane a Disambar 2016, CBEX ta sake yi a Afrilun 2025, kuma wata na nan tafe da sabon suna.

Rashin lafiya ita ce ke rusa lissafin da ya fi kowanne kyau. Wankin ƙoda sau ɗaya dubun-dubatar naira ne, kuma ana yin sa fiye da sau ɗaya a mako. Shanyewar ɓarin jiki tana kwantar da mutum shekaru, ta cinye shago da gona. Mafi yawan wannan daga hawan jini da suga yake farawa, cututtukan da ake iya riƙe su da awo da ƙwaya mai araha in an gano da wuri. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan ƙasa. A nan Legas akwai Ilera Eko, Kano da sauran jihohi ma suna da nasu hukumomin. Je ka tambayi kuɗin shekara da abin da suke ɗauka da wanda ba sa ɗauka. Bayan haka ka ware kuɗin cefanen wata shida a inda za ka iya ɗauka cikin dare. Zakka ma ta shiga takardar: ajiyar da ta kai nisabi ta shekara, ɗaya cikin 40 haƙƙin mabuƙata ne. Mai niyyar Hajji ya buɗe mata nata shafin daban, domin kujerar 2025 ta haura naira miliyan 8.

Na san akwai mai cewa duk wannan ƙarancin tawakkali ne, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Haka ne, arziki na Allah ne. Amma Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da aka nuna masa shekarun yunwa na tafe, umarni ya bayar a tara hatsi a shekarun ƙoshi, kuma babu wanda ya fi annabawa dogaro ga Allah.

Saura magana ɗaya, ga masu aika kuɗi gida a saya musu fili ko a yi musu gini. Mun sha ganin wanda ya shekara 10 yana turawa, ana ce masa an kai linta, an kai rufi, ranar da ya sauka daga mota ya tarar da harsashi da ciyawa. Ba kowane ɗan'uwa ne macuci ba. Wani buƙata ce ta taso masa ya taɓa da niyyar mayarwa. Amma kai ne za ka tsufa babu ɗaki. In ka je sallah ko bayan girbi, taka da ƙafarka ka ga filin. Takardar ciniki ta fito da sunanka, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu, shaidu su sa, sannan a kai ta ofishin filaye a yi mata rajista. Ka ɗauki hotonta a waya, ka ajiye kwafi ɗaya a Legas ɗaya a gida. Bashin da kake bi da wanda ake bin ka, da sunan wanda ke riƙe maka dabbobi da adadinsu, duk a rubuta, kuma uwargida da babban ɗanka su san inda takardar take.

A nan za mu dakata. Allah ya ba mu tsufa mai albarka.